Saba'in da Takwas Ta Ce Mini

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na faɗa cikin audugar mutane da ka ba, a gaban shugaban makaranta da iyayen ɗalibai. Kuma ba wanda ya tura ni, ni na kai kaina.

Tayar babur nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, a shagon da mahaifinmu ya bari. A layinmu in gardama ta tashi kan taya, ni ake kira. In danna ta da farce, in ce wannan za ta yi shekara, waccan ba za ta ga damina ba. Ƙa'idata ɗaya ce: mai tauri ita ce mai ƙarko. (A kan babur har yau ban janye ba, murya dai na rage.)

Ƙanwata Bilkisu malamar motsa jiki ce a wata lise, wato makarantar sakandare. Tun tana karatu a Ngaundere ta koyi hawa sket, katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu, kuma ba wasan tsakar gida take yi da shi ba, gangare take sauka. Wata biyar ta yi tana bin shugaban makarantarsu, wanda suke kira Provizer, don ya bar ta ta buɗe wa ɗalibai kulob. Iyaye na cewa karaya za ta jawo wa 'ya'yansu. A ƙarshe ya ce zai zo da wakilan iyaye su gani da ido, sau ɗaya tak. In abin bai kwanta musu ba, magana ta mutu.

Tayoyinta sun cinye, ni kuma zan tafi Duwala saro kaya. Ta ce, "Yaya, saba'in da takwas za ka sayo. Lambar tana jikin tayar. Don Allah kada ka canza." Na ce, "Ni za ki koya wa taya?"

A shagon Duwala aka miƙo mini saba'in da takwas ɗin. Na danna, farcena ya lotsa ta kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Raina ya ɓaci, na ce ashe cutar yarinyar nan ake yi. Na sa aka ɗauko casa'in da takwas, na danna, ko gezau. Mai shagon ya ce, "Patron, wannan ta siminti mai santsi ce, ba ta gangare ba." Na yi masa kallon da nake yi wa sabon shiga kasuwa, na ce ya ƙunshe mini.

Sai da safiyar Asabar ɗin na iso, don haka kai tsaye na wuce wurin, wani gangaren kwalta mai kaushi da ya rabu da hanyar Pitowa. A ƙasansa akwai kwana, a gefen kwanar manoma sun tsiba auduga suna jiran motar awo. Provizer na ƙarƙashin bishiya da iyaye kusan goma.

Bilkisu ta buɗe ledar, ta duba lambar. Sannan ta ja ni gefe, ta rage murya don kada a ji.

"Yaya, wannan ba za ta riƙe kwaltar nan ba. Mai laushi ita ke kama ƙasa, ta shanye tsakuwa. Wannan karkarwa za ta yi, a kwana kuma ta sulɓe."

Nan ne mai hankali zai ce yi haƙuri. Ni kuwa na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce shekara goma sha biyar ina cikin taya, kuma zan nuna mata. Na ɗaura sababbin a jikin katakonta na biyu, na kifa hular kwano. (Ta taɓa koya mini tsayuwa a kai a tsakar gidanmu, daga ƙofar kicin zuwa bakin rijiya. Iyakar karatuna ke nan.) Ta riƙe mini hannun riga, na fizge.

Farkon saukar na ji daɗi, har na ɗaga wa Provizer hannu. Daga nan katakon ya fara rawa. Karkarwar ta taso daga tafin ƙafa ta hau har haƙorana, tayoyin na ƙara kamar injin markaɗe. Na buɗe baki zan yi salati, kalmomin suka fito a gutsure. Da kwanar ta zo na karkata yadda na ga tana yi. Ni na karkata, katakon ya ƙi. Ya yi gabas, na yi arewa, na nutse cikin auduga har ƙugu, ƙafafuna a sama.

Wata dattijuwa mai audugar ce ta jawo ni ta ƙafa. Ta dube ni, fari fat tun daga gemu har gira, ta ce, "Jam na?" Wato lafiya? Na ce jam, ina tofar da auduga. Can sama na hango wani uba ya riga ya tayar da babur ɗinsa zai tafi. Kunyata ba komai ba ce, aikin wata biyar na yarinyar nan na rushe a minti ɗaya.

Abin da Bilkisu ta yi shi ne dalilin da nake ba da wannan labari. Ba ta yi kuka ba, ba ta harare ni ba. Da ta tabbatar na miƙe da ƙafafuna, sai ta juya ga iyayen, ta ce, "Kun ga abin da kuke tsoro, kuma kuna da gaskiya. Yayana ya nuna muku abin da ke faruwa in an hau gangare da tayar da ba ta dace ba, ba tare da horo ba. Yanzu ga abin da zan koya wa 'ya'yanku."

Ta hau katakonta mai tsoffin tayoyi masu laushi, ta gyara hular kwano bisa ɗankwalinta, ta sauko. Wallahi ko ƙara ban ji ba. Ta durƙusa, hannu a baya, kafin kwanar ta sa safar hannunta a ƙasa ta rage gudu, ta sha kwanar a natse, ta zo ta tsaya daidai gabana. Na yi shekaru ina ce mata yarinya, ran nan na ga gwana. Mai babur ɗin ya kashe injinsa.

Provizer ya sa hannu ranar Litinin, da sharaɗin a fara a filin makaranta. Sai dai ya ɗauka da gaske shirya abin muka yi. Ya aiko mini da takardar godiya, ya yaba da "sadaukarwata", ya kuma nemi in riƙa maimaita darasin duk shekara ga sababbin iyaye. Bilkisu ce ta kawo takardar shago, ta karanta mini da Faransanci, ta fassara da Hausa, ko murmushi ba ta yi ba sai da ta kai ƙofa.

Abin da na koya bai da yawa. In gwani ya aike ka, ɗan aike ne kai, ko da kai ka goya shi yana ƙarami. Na amsa wa Provizer cewa na gode da karramawa, amma bana likita ya hana ni auduga.