Shanun Kawu da Jan Rubutu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe gaban dattawan ƙauyen Bariénou ina karanto musu doka, alhali shanun kawuna goma sha ɗaya suna tsare a bayan ofishin shef, wato shugaban yankin.

Ni dai aikina buga takardu ne a ofishin wani lauya a Parakou. Amma a gidanmu na unguwar Ladjifarani "Metir" ake ce mini, yadda ake kiran lauyoyi da Faransanci, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba (wa ke ƙin ƙarin girma?). Kawu Sale fataucin shanu yake yi. Makiyayin da ke koro masa su zuwa Djougou ya yi sakaci, suka faɗa gonar doyar wani tsoho, aka kama su. Saura kwana biyu kasuwa ta ci, ga mahautan da ya yi wa alkawari suna jira.

Da ya kira ni, niyyarsa ya je ya ba da haƙuri ne kawai. Na ce ya dakata, ai ƙasar nan da doka. Na hau kwamfutar ofis, na shiga wani shafi da ake tara dokoki da hukunce-hukunce, wanda nakan ga maigidana yana dubawa. Na rubuta ɓarnar dabbobi a gona, takardu suka zubo kamar an kwance buhu. In buɗe wannan, in rufe wancan, zufa na keto mini, har na dace da wadda ta hana a tsare dabba fiye da kwana guda. A samanta an rubuta ABROGÉE da ja. Idona ya karanta abrégée, wato taƙaitacciya. Har godiya na yi a zuci, an rage mini karatu.

Washegari na sa kwat duk da zafin da ake yi, na hau mota zuwa Djougou, ɗan babur ya ƙarasa da ni Bariénou, inda aka zauna gaban shef. Mai gonar ya fara magana a hankali, tafinta na juya mana. Ya ce shi burinsa mai shanu ya taka ya ga ɓarnar da idonsa. Magana ta kama hanyar sulhu ke nan, sai ga ni na miƙe.

Na karanta sashe bayan sashe, ina ɗaga yatsa. Na ce tsare shanun nan haramun ne a doka, mu ma muna iya kai ƙara. Kawu na gyaɗa kai yana duban mutane, fuskar tsohon kuwa tana ɗaurewa. Shef ya karɓi takardar ya miƙa wa sakatariyarsa, wata mata mai tabarau. Ta duba, ta latsa wayarta, ta sake dubawa. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Metir, kun ga jan rubutun nan?"

"Na gani. An taƙaita ta ne."

"Ba taƙaitawa ba ce. Soke ta aka yi, tun ba a haife ni ba."

Tafinta (Allah ya saka masa) ya juya maganar da harshen Dendi, ya kuma maimaita da harshen Yom don kada a bar kowa a baya. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi kashe ni ke nan. Kawu ya juyo, ƙasa-ƙasa ya ce, "Ɗana, me take cewa?" Ya ji sarai. So yake in ƙaryata ta.

Tsohon ya karkaɗe rigarsa, ya ce tunda doka muka kawo, to a bi ta har ƙarshe, shi ba ya sauri. A nan na ga ƙanen uwata, mutum mai furfura, ya tuɓe takalmi ya durƙusa a ƙasa yana roƙo, ni ina tsaye cikin kwat kamar an dasa ni. Kwana uku aka yi ana lallashi. Ranar da aka saki shanun kasuwa ta riga ta watse, mahautan sun sayi na wani.

Har yau Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi na huta. Abin da na koya shi ne, a shafin nan matattun dokoki da masu rai wuri ɗaya suke kwance, kayansu iri ɗaya. Kafin ka ɗauko wata ka kai ta gaban jama'a, fara dubawa ko tana numfashi.