Ilu Da Karatun Da Ya Yi Yawa

A Tungar Ɗorawa akwai wani saurayi, Ilu, shi da mahaifiyarsa Inna Kande a gida, idanunta kuma sun fara rauni. Ilu dai kwanya akwai, har difloma ya yi a kan kiwo, sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗanye. Kawunsa Barau ya riga ya yanke magana: in bai sami aiki kafin kaka ba, zai tafi da shi Ikko dako. Abin da ke hana Ilu sukuni ke nan, don bai san wanda zai ɗebo wa Inna ruwa ba.

Wata rana ya ji ana neman mai kula da kaji a gonar Alhaji Mati, nan bakin gari. Alhaji ya duba takardunsa, ya ce karatunsa ya yi wa aikin yawa. Ilu ya yi godiya, ya koma gida ya raba littattafansa biyu, ya kai wa mai ƙosai rabi. Washegari ya dawo da fara'a ya ce, "Alhaji, na rage." Kwana da kwanaki mutanen gari suna cin ƙosai a cikin darasin cututtukan kaji, aiki kuwa bai samu ba.

Wata rana Kawu Barau ya ce masa laifinsa nuna sani, in ya koma duk abin da aka tambaye shi ya ce bai sani ba. Ya koma. Alhaji, don ba'a, ya tambaye shi sunansa, ya ce bai sani ba. Kaza ƙafarta nawa, bai sani ba. "To wa ya aiko ka?" Nan ma Ilu ya ce bai sani ba, alhali ya sani sarai, amma umarni umarni ne. Aka rako shi har ƙofa ana dariya.

Wata rana Inna ta zaunar da shi ta ce, "Ɗan nan, ba karatunka suke ƙi ba. Tsoro suke ka sami aikin da ya fi nasu, ka gudu. Ka nuna musu ba inda za ka."

Ilu ya ɗauki tabarma da buta ya shimfiɗa a ƙofar gonar. Rana ta buge shi, ruwa ya dake shi, maigadi ya yi kora har ya gaji ya koma raba tuwonsa da shi. Da abin ya ishi Alhaji, sai ya fito da kansa ya tambaye shi me yake nufi.

"Inna ce ta ce in nuna muku ba inda za ni," in ji Ilu. "Kuma gaskiyarta. Ko a birni aka ba ni ofis, wa zai ja mata gora?"

Alhaji ya tsaya ya dube shi da kyau. Masu takardun da ya ɗauka a baya duk sun tsere sun bar shi da 'yan tsaki, wanda ba zai gudu ba yake nema tuntuni. Ya ce Ilu ya tashi ya kama aiki.

Ilu ya ƙi motsi, wai wadda ta zaunar da shi ita za ta tashe shi. Dole Alhaji ya aika mota aka ɗauko Inna. Ta laluba har ta dafa kansa, tana dariya tana hawaye, ta ce, "Tashi, ɗan nan, ai sun gani."