Saƙon Daddawa Zuwa Malesiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya haɗa Masar da Malesiya maƙwabtaka, a gaban matar da nake neman auren 'yarta.

Lokacin ina zuwa zance wurin Rukayya a Limawa, kuma a gidansu kallon masanin harkar jirgi ake yi mini. Dalili kuwa, na taɓa raka kawuna filin jirgin Dutse zai tafi aikin Hajji, na ɗauki hoto da jirgi a bayana. (Har yau ban taka matakalarsa ba, amma wa ya tambaye ni?)

Wata rana na shiga gaida Hajiya, mahaifiyarta, na tarar tana zancen ɗanta Nasiru da ke karatu a Malesiya, wai duk ya rame, ba kuka ba daddawa. Maimakon in ce Allah ya kawo sauƙi in ja bakina in yi shiru, sai na gyara zama.

"Ai Hajiya an zo gidan sauƙi. Abokin aikina Bulus zai je kwas Alƙahira, sai ya miƙa masa."

Ta ce, "Kusa suke ne, ɗan nan?"

Na ce, "Kamar Taura da Garki."

Ni a kaina ƙasar waje gari guda ce mai unguwanni. Kuma mu nan ko Kano za ka sai an liƙa maka saƙo, in ka sauka a tasha ka ba wani ya ƙarasa da shi. To me zai hana jirgi?

Hajiya ta tashi unguwa tsaye. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, maƙwabciya ma ta kawo kilishi. Ranar karɓar kaya na janyo Bulus (wanda na ce wa ɗan ƙulli ne), muka tarar da buhu ya kai ƙuguna, ga mata cike da tsakar gida. Rukayya sai kallona take tana murmushi, mijin da za ta aura ya san duniya. Hajiya ta sa aka kira Nasiru ta bidiyo don ya yi kwatancen gidansu.

Da Nasiru ya ji ta Alƙahira saƙon zai bi, sai ya ce:

"Umma, wa ya ce miki kusa ne?"

Duk idanu suka dawo kaina.

Nasiru ya ce mini, "Yaya, daga Alƙahira zuwa nan fa ya ninka Kano zuwa Alƙahira har da ɗoriya. Kusan wuni ake yi a sama, a ƙetare teku."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na ce, "To ba mota?"

Wata dattijuwa ta yi dariya har tana riƙe bango. Bulus ya ce, "Mama, ni fa ƙulli ya ce min." Rukayya ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na ce shi ke nan, auren nan ya bi ruwa.

Hajiya kaɗai ce ba ta dara ba. Ta ce, "Ba komai ɗan nan, Taura da Garkin ma ai da 'yar tafiya."

Auren dai an yi, buhun ma bai yi asara ba, cikin gara aka kawo mana shi, na ci daddawar Nasiru har ta ƙare. Tun daga nan, abin da ban sani ba "Allah masani" nake ce masa. Sai dai har yau in na je sallamar Hajiya zan tafi Taura, sai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka biya ka gaida Nasiru, tunda hanya ce."