Dokar da Na Manna a Bango

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kafa kotu a falona, na hau kujerar alƙali, aka tashi ni ne mai laifin.

A gidanmu na unguwar Wambai ni ne injiniya (a ofis a Abuja buga takardu nake yi, amma wa ya tambaya?). Na sayo wani ɗan akwatin ajiya mai faifai biyu a ciki, irin wanda ake haɗawa da intanet ɗin gida, kowa ya zuba hotunansa ya buɗe daga wayarsa. Na jona shi da UPS, batirin nan da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta. Daga nan fa bakina ya buɗe. Har garin Gawu Babangida na je na karɓo kaset uku a hannun surukata, Hajiya, saƙonnin da marigayi mijinta, Malam, ya riƙa aiko mata lokacin yana tuƙin mota a Ikko. Na juye su cikin akwatin, na ce, "Hajiya, wannan murya ta zauna har jikokin jikoki." Kaset ɗin dama sun gaji, tuni aka zubar da su. Wato muryar Malam ba ta ko'ina a duniya sai cikin akwatina.

Damina ta shigo, wuta ta lalace, a kawo a ɗauke sau biyar kafin azahar. Hajiya ta zo ganin likita, ta zauna kan tabarma ta ce a kunna mata ta ji. Na danna, shiru. Na sake dannawa, akwatin sai jar fitila yake ƙyafta min.

Mai hankali da sai ya yi shiru ya duba. Ni kuwa sai na kumbura, na ƙwala wa matata Rabi kira.

"Wa ya taɓa min na'ura? Abin da ke kan batir ba ya mutuwa sai an sa masa hannu!" (A gaban suruka fa nake wannan hargagin.)

Rabi ta ce, "Ni ce. Da an ɗauke wuta nake zare shi."

"Kika zare? Inna lillahi! Wane mara tunani ne ya ce ki zare?"

Sai ta nuna bango. Takarda ce da jan biro, wadda na manna bara, bayan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mana firji. Hajiya ta ce, "Idona ba ya gani, karanta min." Rabi kuwa ta gyara murya, ta karanta dalla-dalla: "Da an ɗauke wuta a zare komai daga soket. KOMAI. Sa hannun maigida." Sannan ta dube ni, "Baban Ummi, ai komai ka ce."

Ashe batir na iya ƙoƙarinsa, baiwar Allah na bin dokata tana fizge akwatin yana tsakiyar aiki. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Hajiya dai cewa ta yi, "Rubutun da kyau kuwa."

Na sulale tsakar gida na kira Bulus, mai kula da kwamfutocin ofishinmu. Sai da ya yi dariya ya ƙoshi, sannan ya sa na karanto masa abin da akwatin ya nuna a waya. Ya ce, "Oga, faifai ɗaya ne ya rikice, ɗayan lafiya ƙalau. In ya tambaye ka ko a goge, kada ka kuskura. Bar shi ya kwafa daga mai lafiyar, amma kada wuta ta yanke."

Na tada janareta, na ja kujera na tsare soket kamar maigadi. Ko tuwo a nan aka miƙo min. Gab da magariba fitilar ta koma kore. Na danna, sai ga muryar Malam ta cika falon: "Hauwa, na sauka lafiya. Yaya yara?" Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, Rabi na share hawaye, ni kuwa daɗi kamar in yi tsalle.

Tun kafin Hajiya ta koma na haɗa wata waya daga batirin zuwa akwatin, yadda in cajin ya kusa ƙarewa zai kashe kansa cikin mutunci. Na kwafe komai a wani faifai daban da ke zaune cikin durowa, na kuma zuba wa Hajiya muryar Malam a wayarta. An sha ɗauke wuta tun daga nan, akwatin ko gezau.

Takardar ce Rabi ta hana ni yagewa. Na dai ƙara "ban da akwatin" a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. Yanzu kafin in tambayi wane mara tunani ne ya yi abu a gidan nan, sai na fara duba ko akwai sa hannuna a jiki.