Idon Tabarau Ɗaya

"Sannu da dawowa, ya makaranta?" Kaka bai jira amsa ba. Ya ɗaga tabaransa sama, ya zura yatsa ta ramin da gilashin dama yake a da.

Tun safe yake cikin takaici. Ya zauna karanta jarida, rabin rubutun ya fito tas, rabin ya zama hazo. Ya ɗauka hawan jini ne ya taɓa masa ido, har ya sa 'yarsa ta fara neman lambar likita. Sai da ya kai hannu zai goge gilashin, ya tsokane idonsa. Mutum ɗaya ce kuwa a gidan nan take kwance kayan mutane: jikarsa 'yar aji biyar a sakandare, wadda yake kira Uwargida tun tana rarrafe.

"Lafiya lau, angona," ta ce tana ajiye jaka. "Yau ka yi kyau, kamar an rage maka shekaru."

"Ido aka rage mini. Ina gilashina?"

"Aro na yi. Kai da kake barci a kan jaridar, ai ido ɗaya ma ya yi maka yawa."

"Na sake ki. Tattara kayanki."

"Wa zai kwashe ka in na tafi? Haƙori huɗu, biyu na rawa."

Ya nuna ta da sanda, ya tuna mata injin fankarsa da ta cire bara, da tocilan ɗinsa da ya koma gida ba ciki. Ya ce a zamaninsu haddace kimiyya ake yi, ba a taɓa ƙwaƙule wa tsoho ido don a ci jarrabawa ba. Ta ce shi ya sa zamaninsu bai ƙera ko cokali ba.

Daga nan ta yi masa bayani. Sabon malamin kimiyya ya hana zane a littafi, ya ce kowane rukuni ya ƙera abu da hannunsa, gobe kuma alƙalai za su zo su duba. Su huɗu ne, madubin hangen nesa suka haɗa da bututun roba da kwali. Ta gwada tabarau na duk gidan, nasa kaɗai ya yi. In ta cire shi yanzu, bututu zalla za su kai gaban alƙalai. Nan muryarta ta ɗan yi ƙasa. Kaka ya ji, amma ya ɗaure fuska.

"Kawo shirmen in gani. In bai yi aiki ba, yau gilashina zai kwana a gidansa."

Suka hau baranda. Ta ɗora bututun a kan ƙarfe, duk salatif ya naɗe shi kamar mai karaya. Ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya ɗago a fusace.

"Kin kife mini unguwa. Motoci na tafiya da ƙafa a sama."

"Haka yake nunawa, malam ya ce ba laifi ba ne. Kai ma ai mun daɗe muna ganinka a kife, muka yi shiru."

Ya ja tsaki ya sake leƙawa. Ta ɗan ja ƙaramin bututun baya, sai ƙarshen titi ya taso har gaban hancinsa. Ga shagon mai gyaran rediyo, wanda ya aiko masa cewa yana kwance ba lafiya, shi ya sa gyaran rediyon Kaka ya tsaya. Ga mutumin nan zaune garau, kai ƙasa ƙafa sama, ya rungume rediyon a kunne yana kaɗa kai.

Kaka ya daɗe bai ɗago ba.

"Uwargida, wannan abin har fuskar mutum yake nunawa haka?"

"Ai ka sake ni."

"Na mai da ke. Riƙe mini nan, kada ya gusa."

Da ya gama ƙare wa mai gyaran kallo, ya cire tabaran gaba ɗaya ya danƙa mata. Ya ce ta cire ɗayan ma ta haɗa na biyu, wancan na makaranta, wannan na baranda.

"Amma ki gaya wa alƙalan nan da idon mijinki kika shiga gasa."

"Zan ce musu a gidan tarihi na samo shi."

Ya ɗaga sanda zai kai mata, dariya ta ƙwace masa har ya ƙware.