Ranar da na ɗinka wa ordinater riga

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawa mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Har yau akwai mai tsayar da ni ya ce, “Shofer, yau ka shayar da ita?”

Shekara ashirin ina kai kamiyo, babbar motar kaya, garuruwan Fashi da Bilma, in dawo da gishiri da dabino. Ban yi lekol ba, ko aji ɗaya ban shiga ba, amma moter, injin mota, bai taɓa kunyata ni a hamadar Tenere ba. Da kunne nake gane ciwonsa. Fari ya cinye awakina, gwiwa ta hana ni tuƙi, sai na koma zama a ƙofar shagon ɗiyata Hadiza. Ita ta yi karatu. Tana da ordinater, wato kwamfuta, baƙin akwati a ƙarƙashin tebur, samari na zuwa su buga wasan ƙwallo a cikinta.

Shekarar da soji suka karɓi mulki iyaka ta rufe, kayan gyara suka daina zuwa. Abin da ya mutu ya mutu ke nan. Ana tsakiyar zafi ordinater ta fara tari (ni na sa wa ciwon suna). Ɗan wasa na gudu da ƙwallo sai ya sandare, sai a gan shi can gaba kamar aljani ya ɗauke shi. Ga gasar unguwanni, wasan ƙarshe ranar Asabar. Samarin suka ce in tarin bai tsaya ba za su kai gasar wani shago. In suka tafi, shagon Hadiza ya tafi.

Hadiza ta rage kyan hoton, ta goge wasu abubuwa, ta sake zuba wasan. Banza. Ni na lura da safe lafiya lau take, sai ta ɗan yi aiki tarin ya taso. Na ɗora hannu a bayanta, kamar murfin tukunya.

“Zafi ne,” na ce.

“Baba, wannan ba kamiyo ba ce.”

“Inji inji ne.”

Asabar da hantsi Hadiza ta tafi aron kujeru, na tashi aiki. Kowa a Agadez ya san yadda ake sanyaya bidon ruwa, wato jarka: a ɗinke shi cikin buhu, a jiƙa, iska ta yi sauran. Na samo buhu da basilla, na ɗinke akwatin nan tsaf, ko kafa ɗaya ban bari ba (ɗinkin ya yi kyau, wannan ba mai musu). Na jiƙa da ruwan da aka sha layi kafin a samu, na mayar ƙarƙashin tebur, na saki zanen tebur ya rufe. So nake in an gama lafiya in ɗaga in nuna.

Bayan la'asar shago ya cika. Har Agali ya zo, tsohon abokin tafiyata, mutumin da bakinsa ba ya da birki. Wasa bai yi nisa ba tari ya taso, ya fi na kullum. Akwatin ya kama gurnani kamar raƙumin da ake ɗora wa kaya. Aka ba da fenariti, mai bugawa ya taho da gudu, gilashin da ake kallon wasan ya yi baƙi ƙirin.

Hadiza ta durƙusa, ta jawo abin. Yana tururi.

Sai Agali ya ce, “Shofer, Bilma za ka kai ta?”

Wani har ya faɗo daga kujera don dariya. Na taɓa yin kwana uku bayan Fashi da aksil, ƙarfen da ke riƙe tayoyi, a karye, ban ji abin da na ji ran nan ba.

“Wa ya yi wannan?” in ji Hadiza, alhali ta san ɗinkin.

“Ni.”

“Baba, ta nan take numfashi. Hanci ka toshe mata.”

Na zaro wuƙa na farke rigar. Allah ya taimaka ruwa bai shiga ba. Hadiza ta kwance gefen akwatin, sai ga ɗan radiyater irin mai sanyaya inji, bai fi tafin hannu ba, ya toshe da yashi da gashin akuya.

“Matsa,” na ce. “Wannan na san shi.”

Na ɗauko famfon tayata na hure shi tas. Buhun kuwa na rataye shi a taga, iska ta riƙa shigowa da sanyi. Aka kunna. Aka buga fenariti, aka ƙare wasa, ko tari ɗaya.

Da ana kwashe kujeru Hadiza ta ce, ba ta dube ni ba, “Ashe zafin ne.”

“Na faɗa.”

Ciwon dai ni na gano shi, a magani na yi ɓatan hanya. Yanzu duk Asabar ni ke hure ta, ba mai taɓa mini wannan aiki. Amma kafin in ɗinka wa kowane abu riga, sai na fara neman hancinsa.