Rigar Digiri a Jikin Inna Hure

A ƙauyen Tudun Marke akwai gidan Inna Hure mai daddawa. 'Ya'yanta biyu ne. Babban shi ne Tanimu, bawan Allah da in ka ce masa zauna, to sai ka dawo ka ce tashi. Ƙaramin kuwa Nazifi, wanda ya gama jami'a ya dawo da tabarau da yanga. Zai yi walima, abokansa na birni za su zo, kuma ba abin da yake tsoro kamar su ga gidan da ya fito.

Wata rana Nazifi ya ba Tanimu katunan gayyata, ya ce, "Kowa ka ba shi a hannunsa." Tanimu ya isa gidan mai unguwa, aka ce yana wanka. Sai ya zagaya, ya leƙa ta saman zana, ya miƙa kati.

"Kai! Wane ne?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. A hannunka aka ce."

Mai unguwa ya karɓa da kumfa har gwiwar hannu. Da yamma Nazifi ya je ba da haƙuri, kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura.

Wata rana kuma ya karɓo sabuwar shaddarsa daga tela, ya ce, "Ajiye min inda ba wanda zai taɓa." Tanimu ya hau kuka, ya rataye ta jikin amyar zuma. Gaskiya ba wanda ya taɓa. Nazifi ne ya hau ɗaukowa, ya sauko da leɓe kamar ƙosai, kuma saura kwana biyu walima.

Ranar walima ya ja Inna gefe, yana kauce wa idonta. "Inna, ki zauna wajen tukwane, baƙin nan ba su saba da warin daddawa ba." Ta ce to, ta koma bayan gida. Abokai suka iso da mota, aka ci shinkafa, aka yi ta yi masa dariyar leɓe, shi kuma yana ta addu'a kada Tanimu ya buɗe baki.

Can mai hoto ya ɗaga murya. "Wanda ya sha wahalar digirin nan ya sa riga da hula, ya zo tsakiya!"

Nazifi ya juya zai ɗauki rigar digirinsa a kan kujera, babu ita. Sai ga Tanimu ya riƙo hannun Inna, baƙar rigar tana jan ƙasa, hular a karkace bisa ɗankwalinta.

"Ga ta," in ji Tanimu. "Shekara huɗu tana dafa kalwa, shi yana can yana zaune a aji."

Nazifi ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma wannan karon ba Tanimu ne ya jawo masa ba.

Inna ta soma kiciniyar cire rigar. "Ka yi haƙuri, Nazifi, ban sa shi ba. Zan ɓata maka ita da wari."

Nazifi ya tako, ya riƙe hannunta, ya gyara mata zaman hular. Ya dubi abokansa.

"Mahaifiyata ce. Ku zo ku gaishe ta."